Kafar Allura

An ɗauke wuta a Aboabo tun la'asar.
Na koma kan tsohon keke mai ƙafa,
sai zare ya tsinke.
Sau bakwai ina lasar bakinsa ina kai shi kafar allura,
sau bakwai yana lanƙwashewa.
Shekara sittin da uku, ido ya fara neman sallama.

Barikisu ce ta karɓa ta zura, ko tsayawa dubawa ba ta yi ba.
Hutun mako ta zo daga jami'a
da littafi mai nauyin dutsen guga.
Nan waya ta yi ƙara:
Mutawakilu ne, yayanta, daga jirgin kamun kifi,
kwana goma sha tara da barin Tema,
inda babu tudu, babu turken sadarwa,
sai ruwa gaba, ruwa baya.
Amma na ji har tarinsa,
na ji wani yana kankare tukunya a bayansa.

Da ya kashe na ce, ta ina muryar nan ta biyo?

Ta ja ni waje. Duhun unguwa ya buɗe mana sama.
Ta ce, Baba, akwai taurarin da mutum ya ƙera,
gudu suke, ba sa tsayawa.
Kafin ka idar da Fatiha
wanda ke kan Kumasi ya kai bakin teku.
Kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa da zaren haske,
leza sunansa, siriri, ido ba ya ganinsa.
Muryar Mutawakilu ta hau sama,
wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa gaba,
kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa ranar gobarar kasuwa,
har ta sauko cikin tafin hannunka.

Na ce, suna gudu kuma suna zura zare?
Ta ce, kafar allurar tana nesa fiye da nan zuwa Agadas,
ita ma gudu take.
Ka kuskure da faɗin gashi, magana ta zube a sarari,
babu mai tsinta.

Na yi dariya, don na san aikin.
Sannan na daina.

Shagon Hudu yana tsallaken kwata, taku goma sha biyu.
Uwa ɗaya, uba ɗaya.
Shekara tara ke nan ba mu gaisa ba
a kan ɗaki biyu da rijiyar gidan mahaifinmu,
rijiyar da ta ƙafe tun bara waccan.
Idan saƙo ya zama dole
sai in faɗa wa mai koko, ta faɗa wa matarsa,
ya iso gobe, ya huce, an rage masa gishiri.

Na tambayi yarinyar: to da farko, ya suke samun juna?
Ta ce, ɗaya ne ke farawa.
Ya san wajen da ɗan'uwansa ya kamata ya kasance,
sai ya yi ta shara da haskensa a hankali,
kewaye bayan kewaye, cikin duhu, babu amsa,
har hasken ya taɓa idon wancan.
Wani lokaci a daɗe.
Wanda aka taɓa shi ne zai juyo.

Ba a dawo da wuta ba sai sha ɗaya.
Barikisu ta yi barci a kan littafinta,
sauro na ta yi mata bita.
Na gama wuyan rigar Kwabena direba, ya karkace kaɗan,
ba zai lura ba.

Da asuba na ji Hudu yana jan ƙofar ƙarfensa,
tarinsa irin na Mutawakilu, irin nawa.
Ban ce komai ba.
Na dai juya kujerata ta fuskanci kwata,
zare a hannun dama, allura a hagu,
na ɗaga su sama yadda za a gani daga can,
ina ta kuskurewa.